Kayan Kaki da Bindigar Abokina

Karatuna bai wuce aji huɗu na elemantare ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wurin malamin da ya koya mini, in ya san inda kabarinsa yake. Aikin masinja na yi shekara talatin da ɗoriya, tun zamanin En'e. Na ajiye aiki a shekarar da aka ba mu jiha, daidai lokacin da Jalingo ta cika da sababbin ma'aikata masu jakar hannu, waɗanda ba su san ni ba, ba su kuma nemi su sani ba.

Gidana a unguwar Turaki yake. Ɗaki huɗu, mutum ɗaya. Mai ɗakina ta rasu kafin in bar aiki, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa: ɗaya Yola, ɗaya Kaduna, macen tana Gembu, inda ina jin sanyi ne ya ƙandarar mata da hannu har ta kasa rubuto wasiƙa. Na sa 'yan haya a ɗaki biyu don in riƙa jin motsin mutane. Sai Allah ya haɗa ni da ma'aikatan sakatariya masu ladabi. Da safe su ce, "Baba, mun fita." Da yamma su ce, "Baba, mun dawo." Kalma shida ke nan a yini. Sauran hirar da rediyo nake yin ta, shi kuwa ba ya jiran amsa.

Ranar Asabar kaɗai bakina ke aiki. Da na yi sallar asuba sai in saɓa bindigata mai baki ɗaya, in hau keke, in wuce Nukkai, in bar keken a gidan wani mai faci, in taka da ƙafa zuwa wata 'yar unguwar manoma da ke bakin kogi. Can abokina yake, a bukkarsa ta ƙarshe, daf da gonarsa ta gyaɗa da dawa. Mutumin Mumuye ne, Hausarsa ba ta cika bambance mace da namiji ba, ya girme ni da kaɗan, ko da yake bai taɓa yarda ba. Ina ce masa Sarkin Baka, sarautar da ba wanda ya naɗa masa sai ni. Shi kuma Masinja yake ce mini, har bayan na bar aiki, wai sunan ya riga ya kama jikina.

Zabin daji da fakara muke harbi, masu tone masa gyaɗa. Yanar ido ta rufe masa gani, daga nesa ba ya bambance mutum da kututture, amma kunnensa na jin tafiyar fakara a cikin ciyawa. Ni kuma idona garau, kunnena ne rediyo ya cinye. Shi zai ce, "Suna bayan ɗorawar can, guda bakwai, ɗaya tana ɗingishi." Ni in ce ƙarya yake yi. Mu je mu tarar da su. In an yi sa'a mu gasa ɗaya a gindin tsamiya, in ba a yi ba mu gasa gyaɗa. Ko ta yaya dai sai mun yi musu har rana ta yi sanyi, ni kuwa musun nan nake ci har wata Asabar.

Bindigarsa harba-ka-ruga ce, gadon ubansa, an ɗaure ƙotarta da waya da fatar guza. In ta tashi, hayaƙinta sai ya rufe mu duka biyu, zabin da ba su mutu da harbi ba su mutu da mamaki. Ba ta da takarda, ba ta taɓa yi ba. Da ita yake korar birai daga dawa, kuma saboda ita ne ɗansa da ke can kan duwatsu ya ƙyale shi ya ci gaba da zama shi kaɗai a gona.

Musun da ya jawo abin da zan faɗa, a kan tufafi aka yi shi. Na sha ba shi labarin wani Bature da muka yi aiki a ƙarƙashinsa ina sabon masinja, wanda in zai je harbin fakara yakan sa rigar kaki mai aljihu huɗu da ɗamara, da 'yan madaukai a ƙirji inda ake jera harsashi, da gajeren wando, da doguwar safa har gwiwa, da hular kwano irin tasu ta dā. Sarkin Baka ya ce bai yarda ba.

"Masinja, kai tsoho ne, ka bar ƙarya. Wane babban mutum za ta shiga ƙaya da gwiwa a waje?"

"Da idona na gani."

"Idonka ɗin da ta ga kurciya ta ce zabo?"

"Sau ɗaya aka yi wannan, kuma rana ce ta haske ni."

"To kawo kayan in gani. In na ga gwiwarka a daji, na yarda."

Na ɗauki maganar nan da muhimmanci irin na takardar gwamna. Gaskiyar magana kuwa, daɗi na ji, don na samu abin da zan yi da sauran kwana shida na mako.

Na zama ɗan gida a layin 'yan gwanjo na Kasuwar Jalingo. Duk ranar da za a fasa dila ina tsaye, ni da matan aure masu neman kayan jarirai. Wata 'yar kudu mai rumfa a ƙarshen layi ta gane ni har ta ajiye mini benci.

"Papa, yau ma rigar soja?"

"Ba ta soja ba, 'yata. Ta harbin tsuntsu."

"Tsuntsu yana duba riga kafin ya mutu?"

"Na wajenmu masu ilimi ne."

Ta fito mini da rigunan ruwa, da na masu gadi, da wata ja wur mai rubutu a baya wadda ta rantse ita ake yayi. Wata na huɗu, ran nan ina isowa ta ɗaga wata riga sama da hannu biyu. Ita ce. Aljihu huɗu, ɗamara, har da madaukan harsashi. Tana warin kafur da ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A aljihun ciki na sami busasshen gashin tsuntsu guda ɗaya, wanda ban san irinsa ba. Na daɗe ina juya shi a hannu. Na ce a raina, wannan ma wani tsoho ne a wata ƙasa, ya mutu, 'ya'yansa suka tattara kayansa suka zuba a buhu.

Gajeren wando bai samu ba, sai na sayi dogo na kai wa tsohon telan unguwarmu ya datse. Ya auna ni, ya dubi ƙwaurina, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Malam, waɗannan za ka nuna wa duniya?"

"Yanka kawai."

"Ni dai na faɗa. In iska ta karya su ba ruwan shagona."

Safa ta 'yan ƙwallo na samu, koriya. Hula ce ta ba ni wuya. Sai da na bi gidajen tsofaffin kukun Turawa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na tarar sun riga mu gidan gaskiya, na yi wa iyalansu ta'aziyyar da ta makara da shekaru. A gida na biyar na same ta a bayan rumbu, an kifar da ita sama, kaza na ƙwai a ciki. Matar gidan ta ce in jira a ƙyanƙyashe. Na jira kwana goma sha ɗaya. Ban taɓa bin fayil a ofis da haƙurin da na bi kazar nan ba.

Yanzu ga inda na yi kuskuren, kuma kuskure ne da sai masinja zai yi shi. Ni hanya ɗaya na sani ta girmama kaki. Na dama sitaci mai kauri, na tsoma riga da wando, na shanya, na hura dutsen guga na gawayi na bi su layi-layi har karin wandon ya isa yanka albasa. Na shafa wa hular farar ƙasa. Na goge maɓallai da toka da lemun tsami. Da na jingina rigar a bango sai ta tsaya da kanta, kamar tana jiran a ba ta saƙo. Ban tsaya na tuna cewa kakin maharbi a yamutse yake ba, mai sitaci kuwa na hukuma ne.

Akwai kuma wani abu da na sani sarai, na manta da shi a ranar da ya kamata in tuna. Mutanen unguwar abokina suna da wata al'ada tun zamanin haraji. Duk macen da ta fara hango mai kaki ya nufo su, sai ta kama taɓarya ta daka turmi babu komai a ciki, sau uku, ta tsaya, ta sake uku. Turmin da ba hatsi ƙararsa daban ce, tana tafiya nesa. Maƙwabciya ta ji ta karɓa, ta gaba ta karɓa, kafin mai kaki ya iso an ɓoye abin ɓoyewa, mai gudu ya gudu. Sarkin Baka da kansa ya ba ni labarin yana dariya. A shekarun nan kuma na mulkin soja al'adar ta farfaɗo, don ana ta raɗe-raɗin malaman daji za su bi ƙauyuka su karɓe duk bindigar da ba ta da takarda, su tafi da mai ita.

Asabar ɗin da na sa kayan, kaka ce, an fara cirar gyaɗa, kogi bai janye ba tukuna. Na rufa babbar riga a kai har na wuce gari, don ban shirya wa 'yan hayata kalma ta bakwai ba. A gidan mai faci na tuɓe ta, na ɗora hula, na jera harsashi a ƙirji, na saɓa bindiga. Ina tafiya sitaci na amsawa, ƙaram, ƙaram. Wata fakara ta tashi tun ina nesa da ita da tafiyar minti biyu. Ban damu ba. Ina ta shirya abin da zan ce in na tsaya a gabansa, da yadda zan ɗaga gwiwa ɗaya in kai masa ita daf da ido.

Ina hango rufin bukkokin farko sai na ji turmi. Uku, shiru, uku. Wani ya karɓa daga gabas. Wani daga can ƙasa.

Na tsaya cak. Na ce, shi ke nan, malaman daji sun shigo, ga Sarkin Baka da bindiga ba takarda, ga shi ba ido. Na waiga ban ga kowa ba, na ce lallai ta ɗaya hanyar suka biyo. Sai na ƙara sauri don in riga su isa in gaya masa. Turame suka ƙara zafi. Na ce sun matso. Na kama gudu.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya nan ya dubi abin da idon mutanen unguwar: ga mai kaki, da farar hula, da harsashi a ƙirji, da bindiga, yana sheƙa gudu ya nufi bukkar tsoho ɗaya tak. Ƙofofi na rufuwa ina wucewa. Wata tsohuwa da ta saba ba ni kunu ta jefa ɗaurin itacenta cikin dawa ta faɗa ɗaki. Ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu ina cewa su ɓuya, su ɓuya.

Na iso bukkar, ba ya nan. Na hango shi can yana gangarawa kogi, yana tuntuɓe, bindiga a hannu. Na ƙwala masa kira, amma numfashina ya ƙare, abin da ya fito ba muryata ba ce, wani haushi ne kawai. Ya waigo, ya ga fari a sama da kaki a ƙasa. Ya hau kan dutsen da ke saman wani gurbi mai zurfi inda ruwa ke juyawa, ya ɗaga bindigar ubansa da hannu biyu, ya wurga.

Ko ƙara sosai ba ta yi ba.

Ya juyo ya durƙusa, ya ɗaga hannuwa. "Ranka ya daɗe, ni ba ni da komai. Manomi ne ni."

Na tsaya a kansa ina haki. Na ce, "Sarkin Baka, tashi mu gudu, suna zuwa."

Ya sauke hannuwa. Ya karkata kai yadda yake yi in yana sauraron fakara.

"Masinja?"

"Ni ne. Tashi."

"Su wa ke zuwa?"

"Masu kaki."

Ya miƙo hannu ya shafa gwiwata. Ya shafa bakin wandon, ya murza sitacin tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga kai ya dubi hular. A nan ne, ina tsaye, turame na ta amsawa a bayana, na gane ko wane ne mai kakin.

Ya ce, a hankali, "To, na ga gwiwar. Na yarda."

Bai yi dariya ba. Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya ina tanadin dariyar nan.

Mun yini muna caccakar gurbin da gora, tsofaffi biyu, ɗaya ba ido ɗaya ba wando. Samarin unguwa suka fito da suka gane ba kame ake ba, biyu suka yi nutso har idanunsu suka yi ja. Yashi ya riga ya haɗiye ta. Matan suka taru a bakin gaɓa, wasu na dariya a cikin zane, tsohuwar kunu kuwa zagina take yi da yarensu, ban nemi fassara ba. Da la'asar abokina ya ajiye gorar ya hau zuwa bukkarsa. Na bi shi. Ya shiga ya saki asabari. Ban taɓa ganin asabarin nan a sake da rana ba.

Asabar ta gaba na zo da tsohuwar rigata ta kullum. Na yi sallama, ya amsa daga ciki, bai fito ba. Na zauna gindin tsamiya har azahar na tafi. Ta gaba ma haka. A Turaki na koma kalma shida. Na kama kaina ina yi wa rediyo musu da ƙarfi, har ɗaya daga 'yan hayar ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, mai labarai ne ya yi ƙarya.

A ta uku na zo da bindigata da takardarta a cikin leda. Na ajiye su a bakin asabarin na ce, "Ga wannan. Ta fi taka, ba ta hayaƙi."

Ya fito. Ya rame. Ya ɗauki bindigar ya shafa ta daga baki har ƙota, ya sansana, ya miƙo mini.

"Wannan ba ta san ni ba. Waccan ubana ta riƙe, kakana ta riƙe. Ɗauki kayanka."

"To me zan yi maka? Faɗi."

Ya juya fuska wajen gona. Sannan ya ce, "Kayan kakin nan. Kawo su."

Na ɗauka ƙonawa zai yi, kuma na ga ya dace. Washegari, ko Asabar ban jira ba, na kawo su a ƙunshe. Ya sa na sare sanda biyu, muka ɗaure su gicciye, muka kafa a tsakiyar gona. Muka sa wa sandar riga, muka cusa ciyawa a wando da safa, muka ɗora hula. Ya ja da baya ya ƙanƙance ido.

"Tun da ta kore ni daga gidana, za ta kori biri. Ta fi ka amfani, Masinja. Ba ta surutu."

"Ƙwaurinsa ma ya fi nawa kauri."

Sai ga dariyar. Ba irin wadda na yi tanadi ba ce, gajera ce, ta ƙare da tari. Amma na karɓa.

Mutum-mutumin ya yi aikinsa fiye da yadda aka sa shi. Birai suka ƙaura, zabi da fakara ma suka bar gonar gaba ɗaya. Na ci gaba da zuwa duk Asabar, ba harbi, sai gyaɗa da musu. Amma musun ya rage gishiri. Wani lokaci yana cikin magana sai ya karkata kai, ya ce, "Suna can ƙetare, guda biyar," hannunsa ya lalubi gefen da ya saba jingine bindiga, ya sami ƙasa.

Da rani ya yi, ruwa ya janye, na zo da shebur na haƙa yashin gurbin nan Asabar huɗu a jere. Na sami tsohuwar fartanya da gindin tulu.

Labari ya kai wa ɗansa cewa tsoho ba ido, ba bindiga, yana zaune shi kaɗai a bakin kogi. Kafin shuka ya zo ya tafi da shi can kan duwatsu, inda mota ba ta zuwa, keke ma sai an ɗauke shi a ka. Ranar Laraba aka yi tafiyar. Ni ban sani ba sai Asabar, da na tarar da asabari a sake an danne shi da dutse. Tsohuwar kunu ce ta ba ni saƙonsa. Wai in ji shi, in riƙa duba masa ma'aikacin gona, kada in bari hularsa ta faɗi, kuma ƙarya ne, bai girme ni ba.

Wani maƙwabci ya karɓi gonar, ya bar mutum-mutumin a inda yake. Na yi shekara biyu ina zuwa. Ruwan sama ya wanke sitacin, rana ta cinye kalar, rigar ta yamutse ta yi laushi, ta zama daidai irin wadda maharbi ya kamata ya sa tun farko. Fakara ma suka saba da shi, na taɓa ganin ɗaya tana kiwo a gindinsa. Ban harbe ta ba, don ba wanda zai ce mini kurciya ce.

Matan unguwar kuwa, Masinja suke ce wa mutum-mutumin. In na iso sai su ce, "Ga ɗan'uwanka can yana jiranka." In je in gyara masa hula, in zauna a 'yar inuwarsa in fasa gyaɗa. Na gaya masa labarin Baturen nan tun daga farko har ƙarshe, na ƙara da abubuwan da ba a yi ba, har na ce zabi ɗari ya harbo da harsashi ɗaya. Bai ce ƙarya nake yi ba.